Makullin Ɗakin Ƙasa

In ka tambayi masu rubuta manhaja na garin ko sun san ta, kowa cewa zai yi, "Au, Anti Makulli?" Ita kuwa ba ta taɓa son sunan nan ba. Mace ce da ta yi shekara da shekaru tana rubuta manhajar da wani kamfanin rarraba magunguna ke lura da kayan sitonsa da ita, kuma ranar da manhajar ta tsaya ko mota ɗaya ba ta fita daga harabar. Amma ina, babu mai tuna ta da wannan. Wani ɗan makulli mai jan zare da take haɗawa da na motarta, shi ya zame mata suna.

Ita ta kafa ƙungiyar masu rubuta manhaja ta garin. Lokacin da ta fara aiki, in abu ya kakare mata ba ta da wanda za ta tambaya sai bango. Ta sha shiga banɗakin ofis ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo, saboda kuskure ɗaya da ya ɓuya cikin rubutunta ya ƙi ganuwa. Da ta samu ta tsaya da ƙafarta sai ta ce wallahi na baya ba za su sha irin wuyar da ta sha ba. Ta je ta sami Alhaji mai wani gini kusa da ofishinsu, wanda ke da ɗaki a ƙasa mai faffaɗar tagar gilashi tana kallon titi, ta roƙe shi aron ɗakin duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya jawo aljihun tebur ya ciro makullin.

"Malama, ni ban san wata ƙungiya ba, mutum na sani," in ji shi. "Makullina ya zauna a hannun mutum ɗaya wanda na san fuskarsa, wanda in na zo ran Litinin na tarar da fanka tana juyawa na san wa zan kira. Ranar da babu wannan mutumin, ki hawo ki dawo mini da abina."

Tun daga nan rayuwarta ta koma zagayen Asabar ɗin nan. Ita ce neman wanda zai yi jawabi, ita ce lallashinsa in ya ce kunya yake ji, ita ce neman wani in ya zille ana gobe taro. Ita za ta aro majigi a ofis, ta ɗauko doguwar wayar wuta, ta tsaya a shago ta loda ruwa da biskit a bayan mota. Kafin kowa ya iso ta share ɗakin, ta sauko da kujerun roba ta jera. A zauren hirarsu na waya mutum fiye da ɗari ne, in ta sa sanarwa sai ka ga "zan zo, zan zo" kamar ruwan sama, ranar taro kuwa rabin kujerun a banza za su wuni. Waɗanda suka zo ɗin ma, da an ce an tashi kowa zai naɗe cajarsa ya ce, "Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka," ya tsallake gorar ruwan da ya sha ya fice.

Ba wai taron ba ya amfani ba ne, shi ya sa ma abin yake ci mata rai. A ɗakin nan mutane suka sami aikin farko. A nan wata mai jego ta zo da jariri a kafaɗa ta koyi abin da ya mayar da ita ofis. A nan Dogo, wanda da gyaran waya yake yi a bakin titi, ya zauna a kujerar baya yana jin kunyar tambaya, har ya zama yau kamfanoni ke nemansa. Dogon nan ya taɓa rigan ta zuwa sau ɗaya, ya tsaya a ƙofa har ta iso ta buɗe, ta koma mota ɗauko ruwa. Kafin ta dawo ya jera kujeru tsaf ya saita majigi, yana ta murmushi. Ta tsaya da katan a hannu ta ce, "Haba Dogo! Bangon da rana ke duka? Wa zai ga rubutu a nan?" Ba ta jira ya gyara ba, ta ajiye katan ta juya kujerun ɗaya bayan ɗaya yana tsaye yana kallo. Ita har ta manta da maganar kafin a tashi. Shi kuwa tun daga ranar sai an fara jawabi yake shigowa.

Ana haka Baba ya faɗi. Mahaifinta ne, tsohon direban manyan motoci, yana zaune a gidanta tun rasuwar mahaifiyarta. Hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu. Da aka sallamo shi aka ce sai an riƙa kai shi gashi a asibiti, wato motsa ɓarin da ya shanye, kuma likitan gashin bai da gurbi sai Asabar da rana. Maigidanta ma'aikacin filin jirgi ne, Asabar ce ranar da ba ya ko iya ɗaga waya. Ƙaninta yana can wata ƙasa, taimakonsa bai wuce kira da addu'a ba. Lissafin a fili yake: Asabar ɗin taro ko ta kasance a ɗakin ƙasa, ko ta kasance a asibiti.

A taro na gaba, bayan an gama jawabi, ta miƙe ta zare makullin daga cikin na motarta ta ɗaga shi sama. Ta faɗa musu halin da Baba ke ciki. Ta ce ba ta neman komai sai mutum ɗaya da zai hau bene ya nuna wa Alhaji fuskarsa ya karɓi makullin nan, in ba haka ba ɗakin ya tafi. Aka yi ta "Allah ya ba shi lafiya, Anti". Kowa ya sami abin dubawa a kwamfutarsa.

Sai Farfesa ya yi gyaran murya. Ba farfesan komai ba ne, sunan ya samo shi ne saboda duk tambayar da zai yi ta fi jawabin tsawo. Ya ce, "Anti, da izininki. Ni a ganina matsalar nan ba ta mutum ba ce, ta tsari ce. Ɗora komai a kan mutum ɗaya shi ya kawo mu nan. Mu fa masu rubuta manhaja ne. Me zai hana mu rubuta manhajar da za ta riƙa raba ayyukan da adalci, ta tuna wa kowa nasa?"

Kai, ka ga yadda ɗakin ya farfaɗo! Mutanen da yanzun nan suka kasa ɗaga ido sai ga hannuwa a sama. Wani ya ce zai zana fuskar manhajar, wani ya ce shi zai kula da tura saƙo. Ita tana tsaye da makulli a hannu kamar mai tallan da ba a taya ba. Ta ce, "To kafin ku gama, wa zai riƙe?" Farfesa ya ce, "Ai ba za a daɗe ba, Anti, aikin ƙarshen mako ɗaya ne. Ki ɗan ƙara haƙuri." Ta mayar da makullin cikin na motar, ta tsaya ta tattara gorunan ruwa.

Aikin ƙarshen mako ɗaya! Makon farko a kan yaren da za a rubuta manhajar da shi aka ƙare. Zauren hira ya rabu biyu, masu son wanda aka saba da masu son sabon da ake yayi, ana ta jefa wa juna baƙar magana har wani ya yi fushi ya fita aka bi shi ana ba shi haƙuri. Da aka wuce nan aka shiga rigimar suna. Daga suna aka koma launin tambari. Tun da aka buɗe zauren bai taɓa cika da hira irin ta lokacin ba, har wani ya rubuta, "Ƙungiya ta dawo da rai!" Ta karanta a ɗakin jira na asibiti, ta ji kamar ta buga wayar da ƙasa.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo, manhaja ba ta ƙare ba. Ta fito da majigi a hannu da doguwar waya a kafaɗa, sai ta tarar da Baba a falo a kan kujerar kusa da ƙofa. Ya sa hularsa da kansa, a karkace, ya zura takalmin hagu, na daman yana gabansa yana jiran ta sa masa. Shi Asabar kawai ya sani. Ta durƙusa ta ce, "Baba, yau ba za mu je ba, ina da taro. Sai mako mai zuwa." Ya dube ta, ya dubi majigin, ya gyaɗa kai. Ya kai hannun hagu ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Da ma faɗa ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta tuƙa motar har ɗakin taro tana share ido da gefen mayafi, ta share ɗaki ta jera kujeru, aka zo aka yi muhawara a kan maɓallin manhajar da ya kamata ya zauna a dama.

Da wata ya sake zagayowa aka sake fashin gashi, likitan ya tare ta a baranda. Ya ce, "Hajiya, ƙafar nan duk ranar da aka yi fashi baya take komawa. Ban san uzurinki ba, amma ita ba ta san uzuri ba." Ta ce to. Me za ta ce masa? Ta ce ana zaɓen launin tambari?

A ƙarshe dai aka sa ranar ƙaddamarwa. Ranar kujeru ba su isa ba, har da masu tsayuwa a jikin taga. Farfesa ya tsaya gaban majigi yana ta bayani. Ya ce ba caca manhajar ke yi ba, hankali gare ta. Sun ba ta duk tsofaffin saƙonnin zauren hira tun daga farko, ta karanta ta koyi wanda ya fi iya kowane aiki, wanda bai taɓa saɓa alkawari ba, don ta ɗora kowane aiki a hannun da ya fi dacewa. Ya ce, "Anti, ke za ki danna, girmanki ne." Ta miƙa yatsa ta danna.

Rubutu ya fito a bango ɓaro-ɓaro. Buɗe ƙofa, Anti Makulli. Jera kujeru, Anti Makulli. Ruwa da biskit, Anti Makulli. Neman mai jawabi, aron majigi, shara, rufe ƙofa, har ƙasa sunanta ne babu na kowa. Yo me za ta koya? Shekara da shekaru duk saƙon da ya ce "na buɗe", "na kawo ruwa", "na rufe", daga wayarta ya fito.

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Wani yana ɗaukar hoton bangon. Farfesa yana dariya yana cewa, "Ƙaramar matsala ce, wallahi na ma gano inda take, sai mu rage mata nauyin tarihi." Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, sai Dogo can baya da ya sunkuyar da kai.

"Kun gama?" ta ce. Muryarta ta sa dariyar ta yanke. "Ubana yana gida da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce muku mutum ɗaya nake nema ya hau bene ya gaida dattijo ya karɓi makulli. Makulli fa! Abin da ko aljihu ba ya cikawa. Kuka ɗauki watanni kuna gina inji, injin ya zo ya faɗa mini abin da bayana ya riga ya faɗa mini. Ku da kuke kwana kuna gyara wa baƙin da ba ku taɓa gani ba manhajarsu a intanet kyauta, kujerar da kuka zauna a kai ce ta fi ƙarfinku? Wallahi na gaji. Na gaji da ku, na gaji da 'sannu da ƙoƙari' ɗinku."

Can Farfesa ya ce a hankali, "Anti, ki ba mu mako biyu." Ta kashe majigin. Kuma abin haushin, duk da haka ita ta rufe ƙofar.

Da yamma tana wanke kwanuka tana ba maigidanta labari, tana buga su kamar su suka yi mata laifi. Yana tsaye a ƙofar kicin bai ko cire rigar aiki ba. Ta yi zaton zai taya ta zaginsu, sai ya ce, "Amma fa Maman yara, injin bai yi ƙarya ba."

Ta juyo da kumfa a hannu. "Me ka ce?"

"Cewa na yi abin da ya gani ya faɗa. Wa kika taɓa bari ya ɗauki kujera a ɗakin nan? Ni nan da na raka ki sau ɗaya, ruwan da na jera a tebur sai da kika sake jera shi."

"Au, laifina ne ke nan?"

"Ban ce ba su da laifi ba. Ragwaye ne, na yarda. Amma makullin nan ko sun miƙo hannu sai an ɓamɓare yatsunki."

Ta ce ya fita mata daga kicin. Ya fita. Ta daɗe tana cuɗa tukunyar da ta riga ta fita tas, ranta a ɓace, kuma abin da ya fi ɓata shi shi ne fuskar Dogo da ta faɗo mata, yana tsaye tana juya kujerunsa.

Ran Litinin kafin ta shiga ofis ta hau bene. Alhaji ya karɓi makullin ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Ashe ranar ta zo." Ya faɗa mata gaskiya, akwai mai sayar da kayan wuta da ya daɗe yana nacin a ba shi ɗakin ya zuba kwalaye. "Zan ajiye shi a nan har Asabar ɗinku, Malama, ina ofis ranar. In wani ya hawo, to. In ba wanda ya hawo, kada ki ga laifina." Ta ce ba za ta gani ba. Tana saukowa ta rubuta saƙo ɗaya a zauren: makulli yana sama wurin Alhaji, duk mai so ya hau ya karɓa, in Asabar ɗin taro ta wuce ɗakin ya tafi. Nan da nan aka cika ƙasan saƙon da alamar babban yatsa. Ta jefa wayar cikin jaka. Makullan motar sun yi mata wani irin sakayau a hannu, ta kasa sabawa.

Ranar Asabar ɗin taron ta sa wa Baba takalmin dama ta gyara masa hula. Suna ɗakin gashi, likita ya tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, wayarta ta yi ƙara. Manhajar ce: "Tunatarwa. Anti Makulli, ke ce mai buɗe ƙofa yau." Ta yi tsaki har wata mata da ke kusa ta waigo. Sai saƙonni suka fara shigowa. "Anti muna ƙofa." "Anti ko kin kusa?" Wani ya turo hoto, ga su nan cirko-cirko a gaban ginin da jakunkuna a baya, matakalar benen tana gefensu kamar ba su gan ta ba. Farfesa ya rubuta cewa wannan ya nuna buƙatar kwaɗo mai buɗewa da waya, yana da wanda ya sani. Yatsanta har ya fara rubuta "ku hau sama mana", ta goge. Ta san tana kallon abin da ta gina yana mutuwa a bakin ƙofa. Ta kashe wayar gaba ɗaya.

"Ke," in ji Baba. Ta ɗago. Ya saki ƙarfen hagu yana miƙo mata hannu, gumi ya jiƙa masa wuya. Ta je ta tsaya a ƙarshen ƙarafan, ya jawo ƙafar dama yana tahowa, tana cewa, "Yauwa Baba, saura kaɗan," har ya iso ya dafa kafaɗarta da nauyinsa duka.

A hanyar gida ba ta bi ta inda suka saba ba. Ta ce wa kanta cunkoso take gudu, alhali ta san ƙarya take yi. Ta shirya ganin ƙofa a rufe da titi fayau. Da ta karyo kwanar sai ta ga ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe, an tokare ta da katan ɗin ruwa. Ta rage gudu ta tsaya a gefen titi. Ta cikin gilashin tana hango su a zazzaune, kowa ya kare ido da tafin hannu yana ƙanƙance fuska, don an haska majigin a bangon da rana ke duka, rubutun ya koɗe ko kaɗan ba ya ganuwa. Kujerun duk sun juya wancan ɓarin. Mutum ɗaya ne a duniya zai jera su haka. Can ta hango shi a tsaye a baya, ya fi kowa tsawo, jan zare yana leƙowa daga aljihun rigarsa.

"Bangon nan dai," ta ce a fili. "Bangon nan dai, Dogo!" Hawaye suka cika mata ido, ta rasa na haushi ne ko na mene ne. Juya kujerun ba zai ɗauke ta komai ba. Hannunta har ya kama marfin mota.

Baba ya ɗora hannun hagunsa a kan sitiyari. Ya daɗe yana haɗa kalmar a bakinsa kafin ta fito.

"Tuƙa," ya ce.

Ta saki marfin, ta duba madubi, ta hau titi.